Littafin da Ba a Iya Gada: Makarantun Tauhidi da Laburaren Manhaja

 

Kun san shawarar da ke yawo a kwamitocin makarantunmu na tauhidi: a rage kuɗin sayen littattafan takarda, a juya shi wajen biya wa ɗalibai manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki, kowa ya riƙe laburarensa a waya da kwamfuta. Na ƙi ta a zaman kwamiti, a nan ma ƙin ta na zo yi. Ba sai na gaya wa wannan zaure mene ne manhajojin Logos ko Accordance ko Olive Tree ba. Da su yawancinmu muke shirya darasi. Ban kuma musa cewa binciken kalmar Helenanci da a da yake cin yini guda yanzu ana gama shi a 'yan daƙiƙoƙi ba. Abin da nake tambaya shi ne, littattafan nan da muke zuba wa dala, na wane ne?

Mu bi tarihin kamfanonin, domin a nan amsar take. Duk wanda ya yi nazarin Ibrananci da Helenanci kafin 2018 ya san BibleWorks. Malamai da yawa sun ɗauke ta a matsayin manhajar da ba ta da na biyu wajen binciken nahawu. Ranar 15 ga Yuni 2018 kamfanin ya rufe, bayan shekara 26 yana aiki. An ce wanda ya riga ya saya ya ci gaba da amfani da abinsa, kuma hakan ya tabbata. Amma babu sabon fito, babu ofishin da za ka kai wa kuka ranar da Windows ta sauya fasali. Manyan ƙamus irin su BDAG da HALOT, waɗanda mutane suka biya kuɗinsu daban a cikinta, ba sa buɗuwa a wata manhaja. Wasu kamfanoni sun yi wa masu ƙaura rangwame. To, ai rangwame ma biya ne, na biyu kuma, a kan littafin da ka riga ka saya.

Sai WORDsearch, wadda fastoci da yawa suka fi so saboda sauƙinta. Ita ce ta haɗiye manhajar QuickVerse tun farko. A 2020 kamfanin Faithlife, mai Logos, ya saye ta daga hannun LifeWay, aka daina ta. An kwashe yawancin littattafan masu ita zuwa Logos ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai ku lura da wanda ya yanke shawarar. Kamfani biyu ne suka zauna a Amurka suka daidaita, faston da ya shekara goma yana tara littattafai da rubutunsa na gefen aya ya wayi gari aka ce masa ga sabon gida, ka koyi zama a ciki. Da sun ga dama su ƙi kwashewa, da ba shi da inda zai kai ƙara. Olive Tree ma ta sauya hannu sau biyu cikin shekara shida: HarperCollins ta saye ta a 2014, ta sayar a 2020. Logos kanta, wadda take nan tun 1992, ta koma tsarin biyan kuɗin wata-wata don sababbin kayan aikinta a ƙarshen 2024. Ta ce littattafan da ka saya suna nan naka, kuma ban ce ta yi ƙarya ba. Amma alkawarin kamfani iyakarsa ran kamfanin, ko ran shugabannin da suka yi shi.

Wanda yake ganin tsoro ne kawai nake ba mutane, ya duba kasuwar littattafai gaba ɗaya. A 2009 Amazon ta shiga na'urorin Kindle na jama'a ta goge littattafan George Orwell da suka biya. A 2019 Microsoft ta rufe shagon littattafanta, littattafan suka daina buɗuwa, ta mayar wa mutane kuɗinsu. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ta hana a tallata kayan intanet da sunan sayarwa alhali lasisi ake bayarwa, sai an fito an faɗa wa mai biya. Ko nassin kansa bai tsira ba. Bayan fitowar fassarar NIV ta 2011, an janye bugun 1984 daga manyan shafuka da manhajoji, mai wa'azin da ya haddace wancan bugu ya nemi ayarsa ya tarar an sake mata lafazi. Bugun takardar da ke kan teburinsa kuwa babu wanda ya taɓa.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A wurinmu ma zanen ya fi gajarta, saboda dalilan da mai sayarwa a Amurka bai taɓa tunaninsu ba. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,400. Kuɗin wata da makaranta ta sa a kasafinta ya ninka uku ba tare da an ƙara mata shafi ɗaya ba. Kuna kuma tuna lokacin da bankuna suka hana katin naira biyan kuɗi a waje.

Maganar da aka fi jan hankalinmu da ita ita ce, wai laburarenka yana bin ka daga kwamfuta zuwa waya duk inda ka je. Ku zo mu bi ɗalibinmu bayan ya gama, an tura shi wata ƙaramar ikilisiya a ƙauye. Wayarsa ta faɗa ruwa, ya haɗa kuɗi ya sayi wata. Daren Asabar ya zauna shirya wa'azi, ya sa adireshinsa da kalmar sirri a inda sabis ke ɗan kamawa, sunayen littattafan suka jero gaba ɗaya, kowanne da alamar saukewa a gefensa. Ya danna sharhin Romawa, layin ya ɗan motsa ya tsaya. Datar da ya saya ta ƙare, ko cajin ya mutu, kuma ko da ya samu duka biyun, wayar ba ta da wurin ɗaukar rabin abin da aka biya masa. In kuwa da adireshin makaranta aka buɗe masa asusun, aka rufe adireshin bayan ya sauka, to wahalarsa ta fi haka. Littattafan suna wata ƙasa, shi abin da ke hannunsa jerin sunaye ne.

Akwai kuma gado, wanda ya fi damuna. Yawancin laburarorinmu da me aka gina su? Da akwatunan mishan da suka koma gida, da na fastocin da suka huta. Matar marigayi takan zo da kwalaye ɗaure da igiya, ka buɗe ka ga sharhi mai bangon da ya sha gyara da gam, gefen shafi cike da rubutun mai shi, wani wuri da Hausa, wani wuri da harshensu na gida. Ɗalibai uku ko huɗu za su ci moriyar littafin nan a zango ɗaya. Asusun manhaja na mutum ɗaya ne. Wasu kamfanoni sukan yarda a mayar da shi ga magaji in an roƙa, amma alfarma ce suke yi, kuma matar fasto a ƙauye ba ta san ma akwai abin roƙa ba. Idan muka bi shawarar nan, nan da shekara talatin malamanmu za su rasu da laburarensu.

An ce mini takarda tana da tsada, gara tana ci, wuta tana ƙonewa, kuma mun ga makarantu da majami'un da aka ƙone. Haka ne. Maganin wannan shi ne kwafi da yawa a wurare da yawa, a hannunmu. An kuma ce manyan makarantun Turai sun koma intanet. Su suna da wutar da ba ta ɗaukewa da kuɗin da ba ya faɗuwa.

Abin da nake nema ba sabo ba ne, na sha faɗa. Kada a taɓa kasafin littattafan takarda, musamman ƙamus, nahawu da manyan sharhuna, kuma a fara da abin da ake bugawa a nan gida, irin na ACTS da ke Bukuru. Kowane ɗalibi, kafin a saya masa komai, a koya masa kayan kyauta da ke aiki ba intanet: STEP Bible da aka faro a Tyndale House da ke Kambirij, e-Sword, theWord, da AndBible a waya. A sa masa su a kan na'urarsa, a ba shi kwafi a katin ajiya ranar yaye shi. Fassarar Sabon Rai Don Kowa, Biblica ta sake ta ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, ana iya kwafa a rarraba bisa ƙa'ida, kuma ina roƙon masu riƙe da haƙƙin sauran fassarorin Hausa su duba wannan hanya. In makaranta ta ga dole sai ta sayi manhajar kuɗi, a buɗe asusun da sunan ɗalibi da adireshinsa na kansa, a zaɓi biya sau ɗaya a kan na wata-wata, a sauke littattafan duka kafin ya bar harabar makaranta.

Ku kuma da kuke rubuta littattafai, ku karanta yarjejeniya kafin ku sa hannu. Kada ku miƙa wa kamfani ɗaya haƙƙin bugun lantarki gaba ɗaya, har ɗalibinku na Kagoro ko Maraɗi ya koma neman dala don ya karanta abin da kuka koyar da shi a aji. Ku riƙe ikon fassarawa zuwa Hausa, da ikon ba makarantunmu kwafi.