Yashin Kwamin Ninƙaya: Abin Da Yake Tarewa Da Abin Da Yake Bari Ya Wuce



Zafi ya shigo, kowa na neman inda zai faɗa ruwa. Wasu otal suke zuwa, wasu gidan abokai masu kwamin ninƙaya a bayan gida, wasunmu kuma wanke kwamin ne ma sana'arsu. To yau kan yashi za mu yi magana. Eh, yashi.

Idan ka leƙa gefen kwamin, za ka ga wani tanki mai ƙaton ciki kusa da injin da ke jan ruwa. Yashi ne a cikinsa. Ruwa na shiga ta sama, ya ratsa yashin, datti ya maƙale, ruwan ya fita ta ƙasa ya koma kwami.

Amma fa ba kowane yashi ba. Wani ƙanina da ke wannan aikin ya ba ni labari: maigidansa ya ce tsada ta yi yawa, a ɗebo yashin gini kawai a zuba. Kafin a ankara ruwa ya yi duhu, ƙasan kwamin duk yashi. Yashin tifa yana da laka da ƙura, ƙwayoyinsa kuma ba girmansu ɗaya ba. Ƙananan su sulale cikin ruwa, lakar ta dunƙule ta toshe hanya. Yashin da ake so wankakke ne, tankaɗaɗɗe, kowace ƙwaya wajen rabin milimita. Araha ba ta ado, jama'a.

Ko yashin kirki ma yana son kulawa. Akwai ɗan agogo a jikin tankin. Idan allurarsa ta haura da kamar maki 8 zuwa 10 sama da inda take lokacin da yashin ke da tsabta, datti ya cika. Sai a kashe inji, a juya ruwan ya bi ta ƙasa zuwa sama ya kwashe dattin ya zubar waje. Bayan kamar shekara 3 zuwa 5 kuma a sauya yashin gaba ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yashi tare datti yake yi, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Abin da yake iya kamawa shi ne mai girman maikuron 20 zuwa 40, wato kusan rabin kaurin silin gashi. Akwai wata ƙwayar cutar gudawa, Cryptosporidium, girmanta maikuron 4 zuwa 6 ne kacal. Wucewa take yi abinta. Kulorin ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma ita wannan tana iya yin fiye da mako guda a ruwan da aka sa wa kulorin daidai.

Don haka ruwa zai iya yin garau kamar madubi, yaro ya kurɓa, ya kwana yana zarya bayi.

Me za mu yi? Kafin ka biya kuɗin shiga, tambaya: yaushe aka gwada kulorin yau? Haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne. Idan ba ka hango ƙasan kwamin, kar ka shiga. Mai gudawa ya haƙura ya zauna gida. A watsa ruwa kafin a shiga, a kuma hana yara haɗiyar ruwan.

Kai kuma ɗan'uwa mai wannan aikin, idan maigida ya ce yashin tifa, yi masa bayani cikin ladabi. 'Ya'yansa ne za su fara shiga.

Ku tura wa abokan ninƙayarku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu lafiya.