Sanin Guba Haƙƙi Ne, Amma Wa Zai Biya?



Maganar da muka zo da ita yau maganar kuɗi ce, ko da yake mafarinta guba. A watan Disamba na 1984 iska mai guba ta tsiyaye daga masana'antar Union Carbide a birnin Bhopal na Indiya, dubban mutane suka mutu, akasarinsu ba su taɓa sanin abin da ke ajiye a maƙwabtansu ba. A 1986 majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa manyan masana'antu su riƙa bayyana gubar da suke saki cikin iska da ruwa da ƙasa.

Mutanen wani gari mai suna Eugene, a jihar Oregon, suka ga wannan bai ishe su ba. A 1996 suka jefa ƙuri'a, suka shigar da sabon sashe cikin kundin mulkin garinsu. Duk masana'antar da ke da ma'aikata 10 zuwa sama, tana kuma amfani da fam 2,640 na sinadarai masu haɗari a shekara, wato kimanin kilo 1,200, dole ta kawo lissafi: nawa ya shigo, nawa ya fita cikin kaya, nawa ya bi hayaƙi ko magudana. Kuma shiga da fita su daidaita, kamar littafin ma'aji. Aka kafa kwamitin mutum bakwai, uku daga masu masana'antu, uku daga masu fafitikar kare muhalli, ɗaya ɗan ba-ruwanmu.

To, lissafi ba ya duba kansa. Akwai albashin mai bincike, akwai ajiyar bayanai inda kowa zai iya gani. Kundin ya ce masu amfani da sinadaran su ne za su ɗauki wannan nauyi ta kuɗin da za su riƙa biya duk shekara. Hankali zai ce wanda ya fi tara guba shi ya fi biya. Amma masu masana'antu suka kai ƙara, a 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta yanke cewa dokar jiha ta hana gari yanka irin wannan kuɗi bisa yawan sinadari. Sai gari ya koma ƙidayar ma'aikata, kowace masana'anta ta biya gwargwadon yawan mutanenta. Tun da an hana duba yawan sinadari, har ƙananan da ba su kai mizanin kawo rahoto ba suka shiga sahun masu biya.

A wannan shekarar kuma majalisar jiha ta ƙayyade iyakar abin da gari zai karɓa daga masana'anta guda, iyakar da daga baya ta sauka zuwa dala 2,000. Nan ne gizo ke saƙar, don haka mu ɗan tsaya mu yi lissafi tare. Mu ƙaddara, don misali kawai, an yanka dala 50 a kan kowane ma'aikaci. Mai ma'aikata 40 ya kai dala 2,000, ya taɓo rufi. Mai ma'aikata 1,000 shi ma dala 2,000 zai biya, wato dala 2 ke nan a kan kowane mutum. Alhali kuwa albashin mai bincike bai ragu ba. Giɓin da babba ya bari dole a cike shi, kuma hanyar cikewa ita ce a ɗaga kuɗin kowane kai, wanda ƙarami ne kaɗai zai ji zafinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ganinmu illar ta wuce rashin adalci. Mai ƙaramar masana'anta da ya ga kuɗinsa na hawa ba majalisar jiha zai zarga ba, shirin zai zarga. Ta haka ake mai da wanda ba ruwansa abokin gaba, a raunana doka ba tare da an soke ko harafi ɗaya daga cikinta ba.

Ku da za ku zauna a ofisoshi kuna rubuta takardun kasafi, ku dubi abin da ya rage a hannun kansilolin Eugene. Su ɗebo daga baitulmalin gari? Kundin ya ce masu sinadari ne za su biya, kuma talaka mai shaƙar hayaƙin bai kamata ya sayi labarinsa ba. Su rage bincike? Rahoton da ba a bin diddiginsa takarda ce kawai. Su jawo wasu sana'o'i cikin masu biya? Sababbin masu ƙorafi ke nan. Su roƙi jiha ta ɗage iyakar? Wannan ba ikonsu ba ne. Abin da ya rage musu shi ne su zauna kowace shekara, su karɓi shawarar kwamitin nan na mutum bakwai, su yanka abin da za a biya a kan kowane ma'aikaci.