Idan Waya Ta Ce An Shiga Asusunka Daga Legas

Jawabin da aka yi wa ma'ajin ikkilisiyoyi da shugabannin ƙungiyoyin adashi



A zagayen da muka yi bayan girbi, mun tarar da wata damuwa a wata ikkilisiya. Ma'ajiyar Zumuntar Mata ta sami saƙo a wayarta cewa an shiga asusunta na Google daga Legas. Ita kuwa ko Abuja ba ta taɓa zuwa ba. Nan take zargi ya faɗa kan yaron da ya taimaka mata ta buɗe asusun, domin yayansa yana aiki a Legas. Mako biyu gidajen nan ba sa gaisawa. Da muka zauna muka duba, sai muka ga ranar da lokacin sun yi daidai da sa'ar da ita kanta ta kunna sabuwar wayarta, sunan wayar ma nata ne. Babu ɓarawo. An ɓata wa yaro suna a banza.

To, me ya kawo Legas? Iyayenmu za su tuna lokacin wasiƙa. Ka rubuta ta a ƙauye, amma hatimin da za a buga mata na gidan wayan Kafanchan ne ko na Jos. Haka intanet yake. Kamfanonin layi kamar MTN, Airtel da Glo suna tattara saƙonnin mutane masu yawa su fitar da su ta manyan cibiyoyinsu na birane. Google ko Facebook suna ganin lambar cibiyar ne, wadda ake kira IP, sai su kintaci gari daga gare ta. Mai amfani da VPN, irin wanda matasa da yawa suka sa a waya lokacin da gwamnati ta rufe Twitter a 2021, yana iya ganin Amurka ko Jamus ma. Saboda haka sunan gari kaɗai ba shaida ba ne.

Amma kada mu ce tun da haka ne, sai mu yi banza da saƙon. Ɓarayi suna nan. Sukan ƙwace Facebook ko WhatsApp na fasto ko ma'aji, su rubuta wa 'yan'uwa cewa an kwantar da wani a asibiti, a turo kuɗi da sauri. Domin ana ganin girman mai sunan, sai a tura.

Idan saƙon ya zo, mu yi wa kanmu tambaya uku:

1. A wannan rana da lokaci, na shiga asusuna, ko na ba wani ya shiga mini?
2. Wayar da aka ambata irin tawa ce? In kana riƙe da Itel ko Tecno, saƙo ya ce kwamfuta ko iPhone, akwai magana.
3. Na shiga a wayar wani, ko a shagon da ake yi wa yara rajistar JAMB, na manta ban fita ba?

In lokaci da waya naka ne, ka kwantar da hankalinka, ko da wane gari aka rubuta. In ba naka ba ne, kada ka kwana. Ka shiga saitin tsaro na asusun, ka canja kalmar sirri, ka fitar da duk wayar da ba ka sani ba. Ka faɗa wa fasto ya sanar a sujada cewa kada kowa ya tura kuɗi da sunanka.

Akwai kuma saƙon ƙarya mai kama da na gaske, yana cewa ka danna nan da sauri. Kada ka danna. Ka buɗe Facebook ko Gmail ɗin da kanka ka duba. Lamba shida da WhatsApp ke turowa, da lambar sirrin katin banki, da lambar da banki ke turowa don tabbatar da biya, ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake, ko daga ofishinmu. Ba za mu taɓa tambayarku ba.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu amintattu, mace da namiji, waɗanda za a kai wa irin wannan saƙo a duba tare kafin a ambaci sunan kowa. Matambayi ba ya ɓata. Ku tuna Nehemiya: ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi a kan garu. Kuɗin adashi gumin gwauraye da manoma ne, mu tsare shi. Sunan ɗan'uwa ma amana ne.

Ita ma'ajiyar nan ta je har gida ta nemi gafarar yaron, yanzu shi ne ɗaya daga cikin masu duba musu saƙonni.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare mu duka. Amin.