Baƙo da Mai Gida a Cikin Kwamfuta Ɗaya



An ce in yi bayani kan shawarar da ke gabanmu: shin mu sayi kwamfutoci kashi biyu don ɗakin ɗalibai, wasu na Windows wasu na Linux, ko kashi ɗaya ya wadatar? Kuɗin nan guminmu ne, don haka sai da na gwada kafin in buɗe baki.

Akwai dabarar da ake gina kwamfuta ta manhaja a cikin kwamfuta ta gaske. Masana na kiran ta ciki baƙo, ta waje kuma mai gida. Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM ya fito da ita kasuwa a 1972, VMware ya kawo ta ƙananan kwamfutoci a 1999, sannan VirtualBox ya fito kyauta a 2007. Abin tsoro shi ne kada baƙo ya yi nawa.

Da na je gida Wanke hutu, sai na ba su aiki iri ɗaya, wato juya rubutun manhaja zuwa harshen da na'ura ke ganewa. Aiki ne mai nauyi, domin yakan buɗe dubban ƙananan fayiloli. Mai gida ya gama lafiya. Baƙo kuwa, na yi la'asar na dawo bai gama ba, har batirin sola ya kusa ƙarewa.

Da na bincika, ashe laifina ne. Furosesar tawa hannu huɗu gare ta, amma ɗaya kacal na ba baƙo, ga ma'ajiyar RAM 'yar kaɗan. Kuma na ajiye fayilolin a jakar da yake tarayya da mai gida, ta yadda kowane fayil sai ya nemi iso kafin ya shiga. Da na ƙara masa hannuwa da RAM, na mayar da fayilolin cikin faifansa, sai ya biyo mai gida kusa da kusa. Dalili kuwa, tun 2005 Intel ya sa wa furosesoshinsa fasahar VT-x, AMD ya biyo da tasa a 2006, don baƙo ya riƙa aiki kai tsaye. Ratar da ta rage yawanci wajen karatu da rubutu ne a faifai.

Saboda haka shawarata ita ce mu sayi kashi ɗaya, mu zuba rarar kuɗin a RAM da faifan SSD, mu kuma tabbatar an kunna wannan fasaha. Malaminmu na kimiyya ya koya mana kada mu yanke hukunci da gwaji ɗaya, yau ga ranarsa.