Ƙarin da Ba Ya Zafi



Allah ya gina jikinmu da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Kullum wasu na mutuwa, wasu na rabuwa biyu su maye gurbinsu, kuma kowace tana ɗauke da umarnin da ke gaya mata lokacin tsayawa. Idan umarnin ya lalace a ƙwaya guda, sai ta ƙi tsayawa, 'ya'yanta su gaji halinta. Kamar mai tebur ne a kasuwar Suk al-Arabi: yau ya tura kaya taku ɗaya kan hanya, gobe biyu, wata rana a tarar ya toshe layin. Haka ƙari ke taruwa shekara da shekaru. Wani yana zaune wuri ɗaya, a yanke shi a huta. Mugun kuwa, wato sankara, yakan bi jini da hanyar kaluluwa ya kafa sabon gida a hanta, huhu ko ƙashi.

Me ke lalata umarnin? Ba sammu ba ne. Maza, ku yi haƙuri, zan taɓa ku. Tumbak, wato garin tabar da ake kwaɓawa da kanwa, a murza a tafin hannu, a cusa ƙarƙashin leɓe, yana ɗauke da guba mai haddasa sankarar baki. Kuma wuri ɗaya mutum ke sa shi kullum, tun yana saurayi. Yau da dare ka ja leɓenka ƙasa a gaban madubi. Farin tabon da ba ya gogewa, ko gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, na likita ne.

Iyayenmu mata, sankarar mama ce ta fi kama mata a Sudan. Ƙullutun da ba ya zafi shi ake rainawa, a yi ta shafa masa magani har ya fashe.

Asibitin Zarra na Khartum ya fara aikin maganin sankara a 1967, amma akasari sai ciwo ya ci jiki ake kai masa mutane. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa likitoci, hanyar magani ta ƙara nisa da tsada. Saboda haka wanda ya ji ƙari a jikinsa, ya fara da asibitin da ke kusa da shi cikin makon nan, ya nemi a ɗebi ɗan naman wurin a auna.