Darasin Jirgin A380: Muhimmancin Haɗa Injiniyoyi a Kan Manhajar Zane Ɗaya



Wannan lacca za ta duba tambaya ɗaya ce: shin ya dace hukumar kamfani ta wajabta wa dukkan injiniyoyinta aiki da manhajar zane iri ɗaya, ko kuwa a bar kowane rukuni da wadda hannunsa ya saba da ita? Manhajar zane dai ita ce wadda injiniya ke fitar da siffar abu da awonsa da ita a kwamfuta, tun kafin a ƙera shi.

Misalin da ya fi fito da al'amarin fili shi ne na jirgin sama A380 na kamfanin Airbus, wanda ya fara tashi a 2005. An ƙera manyan sassansa a ƙasashe huɗu, watau Faransa, Jamus, Birtaniya da Sifen, sa'an nan aka riƙa kai su birnin Tulus na Faransa ana harhaɗawa. Injiniyoyin Faransa da na Jamus duk da manhajar CATIA suke aiki, sai dai na Faransa sun koma samfuri na 5, na birnin Hambug a Jamus kuwa suka tsaya a kan na 4. Sunan ɗaya ne, amma tsarin cikinsu ya bambanta, saboda haka gyaran da aka yi a zanen wannan ɓangare ba kullum yake bayyana daidai a wancan ba.

Cikin jirgin akwai wayoyin lantarki wajen 100,000, masu tsawon kimanin kilomita 500. Da aka zo shimfiɗa su, sai aka tarar da yawansu sun gaza kaiwa mahaɗarsu, tilas aka koma gyara da hannu. Jirgin farko bai isa hannun kamfanin Singapore Airlines ba sai Oktoba 2007, bayan jinkirin kusan shekara biyu. Tun a 2006 uwar kamfanin, EADS, ta bayyana cewa ribarta za ta ragu da Yuro biliyan 4.8, kuma manyan shugabanni biyu, Noël Forgeard da Gustav Humbert, suka sauka daga muƙamansu.

Masu ƙin sauyi suna da hujja. Koyon sabuwar manhaja yana cin lokaci da kuɗi, tsofaffin zane-zane sai an juya su, gwanin jiya kuma yakan koma ɗan koyo. Amma wannan ɗawainiya ana iya lissafa ta tun farko, ɓarnar saɓani kuwa ba ta bayyana sai ranar harhaɗawa, lokacin da gyara ya fi tsada.

A taƙaice, wajabtawar ta dace, bisa sharuɗɗa uku: a yanke shawara kafin a soma aiki, a daidaita har samfurin manhajar, hukuma kuma ta ɗauki nauyin horar da ma'aikata. Hausawa sun ce, tun ran gini tun ran zane.