Ciwon Damuwa da Jikin da Aka Raba da Gona

 

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Mai noman albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno, ko mai noman rani a gindin madatsar ruwa ta Goronyo, kafin azahar ɗin rana ɗaya ya cika wannan adadi.

To, mutumin nan ne rashin tsaro ya zaunar. Tun harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah cikin Yulin 2018, zuwa na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, jama'a da dama sun bar ƙauyukansu, wasu suka fake a garin Gandi. Muna lissafa musu asarar hatsi da dabbobi, amma ba mu cika duba abin da zaman dirshan ke yi wa zuciya ba.

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu mai fitar da sinadaran adirenalin da kotisol in mutum ya firgita, su ɗaga bugun zuciya, su ba jiki sukari don gudu. Tsoro na ɗan lokaci aka shirya su dominsa. Idan ya zama kullum kunne na sauraron ƙarar babur, sai barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, magidanci ya wuni a zaure bai ce uffan ba. Mu ce "tunani ya yi masa yawa," mu ba shi haƙuri. Sau da yawa ciwon damuwa ne, ba raunin imani ba.

Motsa jiki na taɓa wannan ciwo. Yana sa jiki ya saki endofin mai rage zafi da ƙunci, yana gyara barci, yana kuma ƙara wani furotin mai raya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 218, aka ga tafiya da sassarfa da ɗaga nauyi suna rage damuwa daidai gwargwado.

Iyayena mata, ku kula da mai jego, domin ita ma ciwon damuwa na iya kama ta. Bayan haihuwa sinadaran da suka riƙe ciki suna faɗuwa cikin 'yan kwanaki. Kukan da ya zarce mako biyu, ko ƙin kallon jariri, ba shagwaɓa ba ce.

Kada kuma a ɗauka tattaki zai maye gurbin likita. Wanda ya daina ci, ko ya fara zancen gara ya mutu, a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ba tare da jinkiri ba.

Roƙona ga hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi: idan ana rabon shinkafa ga 'yan gudun hijira, a haɗa musu da aron 'yar gona kusa da gari, a kuma ware wa samarinsu filin ƙwallo da kokawa.